Layi Biyu a Kan Takardar Yanka

Wanda ya taɓa buɗe ambulan ɗin takardar yanka, irin wadda ake sayarwa a Amurka da Turai, ya san abin da ke ciki: wata takarda shara-shara mai ruwan ƙasa, an ninke ta ninki a kan ninki, in aka warware ta sai ta rufe tabarma guda. A jikinta an zana kowane ɓangare na tufa da ainihin girmansa, ga gaban riga, ga baya, ga hannu, ga kwala, ga aljihu. Mai ɗinki za ta yanke kowanne, ta shimfiɗa shi a kan yadi, ta kafe da fil, ta bi gefensa da almakashi. Amma kafin almakashi ya taɓa yadi akwai wasu layuka biyu da ya kamata ta tsaya a kansu. Kwance suke kusa da juna, sun ratsa gaban riga daga gefe zuwa gefe, ɗan sama da ƙugu. Akwai irinsu a hannun riga, a ƙafar wando, da kuma a siket ƙasa da kwankwaso. An rubuta a gefensu da ƙananan haruffa cewa a nan ne ake ƙara tsawo ko a rage shi.

Sabuwar mai koyo takan tsallake su, ta ce ai in riga ta yi tsawo a datse ta daga ƙasa. Sai an gama ɗinki ta ga ƙugun rigar ya sauko mata kan kwankwaso, aljihu ya tafi cinya, yadi ya taru a gadon bayanta. Layukan nan biyu su ne wurin da kamfanin da ya buga takardar ya amsa da bakinsa cewa bai san jikin mai saye ba, kuma sai da sana'ar ta shafe ɗaruruwan shekaru kafin ta kai ga zana su.

A Turai ta dā, yanka shi ne sirrin tela. Ɗinki kowa na iya koya, yaran shago ma su ke yin mafi yawansa, amma sanin inda almakashi zai bi a kan yadi mai tsada, wannan na maigida ne, kuma ba ya sakinsa da sauƙi. A 1580 wani tela mai suna Juan de Alcega ya buga littafi a Madrid, babban birnin Sifen, wanda ke cikin littattafan yanka na farko da aka taɓa bugawa. Zane-zanensa ƙanana ne, kuma abin da ya fi damunsa shi ne yadda za a jera ɓangarorin tufa a kan yadi kada a yi asarar ko ƙyalle. Yadda za a sa tufar ta zauna a jikin dogo ko gajere, wannan ya bar wa ido da hannun wanda ya riga ya ƙware.

Tef ɗin awo ma babu shi a lokacin. Wani Bafaranshe mai suna Garsault, a littafin da ya rubuta kan sana'ar tela a 1769, ya bayyana yadda ake yi: tela zai ɗauko doguwar tsirin takarda, ya ɗora a jikin mutum, daga wuya zuwa ƙugu, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, duk inda awo ya tsaya sai ya ɗan tsaga gefen takardar da almakashi. Kowane mai kawo ɗinki da tsirinsa a rataye a shago, kowane tela kuma da irin tsagarsa, wadda wani ba zai iya karantawa ba. Babu lamba ko ɗaya a jiki. Tsawon bayan mutum shi ne tazarar da ke tsakanin tsaga biyu, shi ke nan. Sai a farkon ƙarni na 19 tef mai inci ya bazu, kuma da zuwansa teloli suka shiga ƙirƙiro dabarun lissafi, kowa na cewa in ka ba shi awon ƙirji kaɗai zai fitar maka da sauran jiki. Wannan zato, cewa ƙirji na iya faɗin tsawo, ya daɗe yana ɓata wa mutane yadi.

Keken ɗinki ne ya tayar da buƙatar takarda. Barthélemy Thimonnier ya yi nasa a Faransa a 1830, teloli suka far wa shagonsa a shekarar da ta biyo baya suka farfasa kekunan don tsoron rasa abinci. Elias Howe ya yi rajistar nasa a Amurka a 1846, Isaac Singer a 1851, kuma daga 1856 kamfanin Singer ya fara ba da keke ana biya kaɗan-kaɗan. Nan da nan keke ya shiga ɗakunan mata. Matsalar ita ce keke na ɗinki da sauri amma ba ya yanka. Matar da ke ƙauyen Ohio na iya haɗa riga cikin yini guda, in dai ta sami wanda zai nuna mata siffar da za ta yanka. Abin da akasari ake yi shi ne a farke tsohuwar riga a shimfiɗa a kan sabon yadi, ko a ari ta maƙwabciya, alhali kuwa kayan aro ba ya rufe katara.

Mace ce ta fara mayar da wannan buƙata babbar kasuwa. Ellen Curtis Demorest, mai sana'ar hulunan mata a New York, ita da mijinta William suka fara buga mujallar ado a 1860, suna sayar da takardun yanka na shara-shara ta gidan waya da ta hannun wakilai, yawancinsu mata. An san ta da ɗaukar mata baƙaƙen fata aiki tare da farare, a ɗaki ɗaya kuma a kan albashi ɗaya, a zamanin da bauta ba ta ma ƙare a Amurka ba. A 1876 kaɗai kamfaninta ya sayar da takardu miliyan 3. Sai dai a farkon lamarin takardun irin nata girma ɗaya suke zuwa, mai saye ce za ta san yadda za ta faɗaɗa ko ta tsuke.

A nan ne Ebenezer Butterick ya shigo. Tela ne a wani ƙaramin gari mai suna Sterling a jihar Massachusetts. Ana ba da labari cewa matarsa, ita ma Ellen sunanta, ita ce ta yi ƙorafin wahalar da take sha wajen mayar da samfuri ɗaya ya dace da ɗansu ƙarami. A 1863 Butterick ya fara sayar da takardun yanka masu girma daban-daban, na rigunan maza da kayan yara maza. Da kwali ya fara, ya ga ba ya ninkuwa kuma yana da nauyi a gidan waya, sai ya koma takarda shara-shara. Iyalinsa ne ke yankawa suna ninkewa a gida. A 1866 ya shiga kayan mata, nan kuwa kasuwa ta buɗe: a 1871 ya sayar da kimanin miliyan 6, kuma zuwa 1876 yana da rassa 100 da wakilai 1,000 a Amurka da Kanada. James McCall, tela ɗan Sikotilan da ya yi ƙaura zuwa New York, ya kafa nasa kamfanin a 1870. Mujallar Vogue ta fara sayar da nata takardun a 1899.

Abin da Butterick ya kawo babban ci gaba ne, amma rabin matsalar ya warware. Girman takardun mata da awon ƙirji ake ƙidaya shi, na yara kuma da shekaru. In ƙirji ya ƙaru, sai a ƙara faɗi da tsawo tare, kamar dai duk mai jiki doguwa ce, duk siririya gajera. Kowane tela ya san ba haka Allah ya yi mutane ba. Mata biyu na iya zuwa da ƙirji inci 36, ɗaya ta fi ɗaya tsawo da taƙi guda. Ko tsawonsu ya zo ɗaya ma, wata tsawon a ƙafa yake, wata a gangar jiki.

Takardun wancan zamani kuma babu rubutu ko ɗigo a jikinsu. A masana'anta ake tara takarda ɗaruruwa a yanke su lokaci guda, a huda ƙananan ramuka, a tsaga gefe. Rami uku a jere na nufin abu kaza, babban rami ɗaya na nufin wani abu, kuma ma'anar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Bayanin da ke bayan ambulan 'yan layuka ne a cunkushe. Macen da ta buɗe ta tarar da guntaye goma sha biyar marasa suna, dole ta fara gane wanne ne hannu wanne ne bayan siket kafin ta yi tunanin inda za ta rage tsawo. An ɗauka ta riga ta iya, domin yawancin 'yan mata a gaban iyayensu suke koyon allura. Dabarun tsawo ma a gida ake gadonsu. Uwa takan yi wa rigar yarinya ninki biyu ko uku a kwance kusa da ƙasa, ya zama kamar ado, in yarinya ta ƙara tsawo a farke ɗaya, baɗi a farke na biyu. Kalmasa kuma a yi ta da zurfi don a sami abin saki.

Sauyi ya zo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Butterick ya fara saka wata takardar bayani mai zane-zane a cikin ambulan, wadda aka yi wa rajista a 1919 aka sa mata suna Deltor, daga farko da ƙarshen sunan mujallar kamfanin, Delineator. Sannan a farkon shekarun 1920 McCall ya fito da takardar yanka da aka buga rubutu da layuka a jikinta. Kowane guntu da sunansa, ga layin yanka, ga layin ɗinki, ga kibiya mai nuna yadda za a daidaita shi da tsayin zaren yadi. Rajistar mallaka ta hana sauran kamfanoni kwaikwayo har ƙarshen shekarun 1930, wasu ma ba su bar huda rami ba sai cikin shekarun 1950. Tun da takarda ta sami bakin magana, sai ta sami damar nuna wa mai ɗinki daidai wurin da za ta taɓa ba tare da ta ɓata siffar tufa ba.

Wurin ba da ka aka zaɓe shi ba. Ana ajiye layukan ne inda gefen tufa ya fi miƙewa, nesa da lanƙwasar hammata, nesa da tsinin dat (ɗinkin matse yadi) na ƙirji, nesa da hantsar wando. A ɗauki misalin mace mai saka lamba 12 a ma'aunin manyan kamfanonin Amurka. Takardar ta ɗauka ƙirjinta inci 34 ne, kuma daga ƙashin nan da ke fitowa a ƙasan wuya ta baya zuwa ƙugu inci 16 ne da kwata. Ita kuwa da aka auna ta, 15 da kwata aka samu. Inci ɗaya ya yi yawa, kuma a sama da ƙugu yake, don haka datse ƙasan riga ba zai taɓa shi ba. Abin da za ta yi shi ne ta ja layi inci ɗaya sama da layukan biyu, ta ninke takardar har su haɗu, ta manne. Zurfin ninkin rabin inci ne, domin ninki na cin biyun zurfinsa, kuma nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, su ninka inci guda cur su wayi gari sun cire biyu.

Doguwa kuma yanke takardar za ta yi a tsakanin layukan, ta saka wata takarda a ƙasa, ta buɗa tazarar da take so, ta tabbata kibiyar tsayin zare ta sama da ta ƙasa suna kan layi ɗaya. In ta karkace ko kaɗan, ƙafar wando za ta riƙa murɗewa a ƙwauri, guga kuma ba ta gyara wannan. Daga nan ta sake zana gefen da ya karye ya tafi sumul. Abin da aka yi wa gaba dole a yi wa baya, a yi wa shafi, a sake raba tazarar maɓallai. Hannun riga mai matsewa wuri biyu ake taɓa shi, sama da gwiwar hannu da ƙasanta, don lanƙwasar ta faɗa daidai gwiwa. Wando ma haka: tsawon daga ƙugu zuwa hantsa daban, tsawon ƙafa daban, kuma wanda ya taɓa saka wandon da hantsarsa ta yi gajarta ya san ba a zama da shi lafiya. Siket miƙaƙƙe ne kaɗai ake iya datsewa daga ƙasa ba a yi ɓarna ba. Mai buɗewa kamar laima, in aka datse shi, faɗin ƙasan ma ya tafi.

Wannan ilimi, da dā sai wanda ya yi shekaru yana share shagon maigida yake samunsa, shi ne aka zuba a ambulan ana sayarwa da kuɗin da bai kai na burodi biyu ba. Kamfanin Simplicity, wanda Joseph Shapiro da ɗansa James suka kafa a 1927, santi 15 yake sayar da takarda. Bayan shekara biyu tattalin arzikin Amurka ya rushe, mata da yawa suka koma keke don dole. A karkara har da buhunan gari da na abincin kaji ake yin riguna, masu niƙa kuwa da suka lura sai suka fara zuba kayansu a buhuna masu zanen furanni.

Tambayar da ba a amsa ba ita ce, wace mace ce takardar ke kwatantawa? A 1939 da 1940 ma'aikatar gona ta Amurka, ta hannun sashenta na tattalin gida, ta auna mata kusan 15,000, kowacce awo kusan 60. Ruth O'Brien da William Shelton ne suka jagoranci aikin, aka buga sakamakon a 1941. Binciken na da babban aibi da bai kamata a rufe ba: awon fararen mata kaɗai aka yi lissafi da shi, na sauran an ajiye shi gefe, a ƙasar da ke da miliyoyin baƙaƙen mata masu ɗinki da sayen tufa. Duk da haka ya tabbatar da abin da teloli suka daɗe da sani a hannu, cewa awon kewaye da awon tsaye ba sa tafiya tare. Sanin ƙirjin mace ba ya gaya maka tsawon bayanta. Ma'aunin tufafin kanti da gwamnati ta fitar a 1958 ya raba kowace lamba gida uku, doguwa, matsakaiciya da gajera, kafin a janye shi gaba ɗaya a 1983. Kamfanonin takardar yanka kuma suka haɗu suka yi nasu sabon ma'auni a ƙarshen shekarun 1960, inda suka ɗauka cikakkiyar mace tsawonta ƙafa 5 da inci 5 zuwa 6 ne. Duk wadda ba ta faɗa nan ba, kuma su ne mafi yawa, layukan nan biyu ne gatanta.

Wani lokaci ba jiki ne ke yanke tsawo ba, hukuma ce. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta fitar da doka mai lamba L-85 don tsimin yadi, ta ƙayyade tsawon kwat da faɗin siket, ta ce kalmasa kada ta wuce inci 2. Ingila ta fara rabon tufa da kati tun Yunin 1941, daga baya ta hana naɗe bakin ƙafar wandon maza. Mazan Ingila ba su ji daɗin wannan ba, sai suka riƙa sayen wandon da ya fi su tsawo, a kai gida a naɗe musu. Bayan yaƙi kuma abin ya juya. Ranar 12 ga Fabrairun 1947 mai zanen tufa Christian Dior ya nuna kayansa na farko a Faris, siket ya sauka har tsakiyar ƙwauri, wasu na cin yadi kusan 20. Matan da suka yi shekaru suna tattalin gajerun siket ɗinsu suka ga kayan sun zama tsohon yayi dare ɗaya, kuma kalmasar inci 2 ba ta da abin saki. A Dallas ta jihar Texas har ƙungiya wasu mata suka kafa don kare siket mai tsayawa ɗan ƙasa da gwiwa. Sauran suka koma keke: wata ta jona wani yadi daban a ƙasa, wata ta farke ƙugu ta saka ƙari a sama inda riga za ta rufe.

A Jamus, inda yaƙi ya bar mutane da keke amma babu kuɗin kanti, Aenne Burda ta garin Offenburg ta fara mujallar Burda Moden a 1950. Daga 1952 ta riƙa saka babban falle a tsakiya, wanda aka buga dukan samfuran watan a kansa, layi a kan layi, ja da baƙi da kore, kamar taswirar hanyoyin jirgin ƙasa. Mai ɗinki za ta bi layin nata ta kwafe shi a wata takarda, ta ƙara haƙƙin ɗinki da kanta. Burda ta ɗauki santimita 168 a matsayin tsawon mace, ta yi wasu samfura na masu 160 da na masu 176. A 1987 mujallar ta fara fita da harshen Rashanci a Mosko, abin da ba a saba gani ba ga mujallar mata daga Yamma a Tarayyar Sobiyet, kuma mata suka riƙa karɓa-karɓa da kwafi ɗaya har ya yage.

Mai karatu a Kano ko Zinder na iya cewa, mu ai ba mu san wannan wahala ba, kuma da gaskiyarsa, domin ƙasar Hausa ta bi wata hanya dabam tun da daɗewa. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, shekarar da Singer ya yi rajistar kekensa, ya tarar da tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Ghat da Murzuk da Tarabulus. Maɗinkin da ya haɗa riga a Kano bai taɓa ganin Buzun da zai saka ta a Sahara ba, wato matsalar Butterick ce sak, yi wa jikin da ba ka sani ba tufa. Amsar da aka ba ta a nan ita ce yalwa. Babbar riga daga ƙwaryar saƙi ake haɗa ta, tsiri kusa da tsiri, a auna tsawo da kamu, faɗi kuma da yawan tsirin da aka jera. Babu lanƙwasar da za ta ci yadi, babu ƙyallen da za a zubar. In ta yi faɗi mai ita ya naɗe ta a kafaɗa, naɗin ma ya zama ado. Wando ƙugunsa ya isa mutum biyu, zariya ce ke tsuke shi. Zane kuwa a jikin mai ɗaurawa yake samun tsawonsa, ta naɗe sama yadda take so. Dabara ce cikakkiya, wadda ta ciyar da fatauci na ɗaruruwan shekaru ba tare da lambar girma ko ɗaya ba.

Da ɗinki mai bin jiki ya shigo, kaftani mai kwala da hannu mai links, riga da siket, doguwar riga mai dat, sai awo ya zama dole, amma takardar kanti ba ta sami gindin zama ba. Telan unguwa da tef a wuya yake aiki, da littafin awo wanda ya sha hannu, da alli. Ya auna tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙirji, ya rubuta, ya zana kai tsaye a kan shadda ko atamfa ya yanka. Wanda ba zai iya zuwa ba ya aiko da tsohuwar rigarsa a gwada, a ce a ƙara inci biyu don ta ɗangale. A wannan fanni ya fi kusa da telan zamanin Garsault, mai tsiri ɗaya ga kowane mutum, kuma shi ya sa ba ya buƙatar layi biyu: jikin na gabansa. Masu koyon zanen tufa a makarantu ne suka fi zana samfuri a takarda kafin su taɓa yadi.

Inda matsalar ke kama shi ita ce kayan da aka ɗinka a wata ƙasa. A kawo masa abaya daga Dubai ko Saudiyya, an yi mata aikin duwatsu a ƙasa, ta fi mai ita tsawo da inci huɗu. In ya datse ƙasa, adon da aka sayi abayar dominsa ya tafi. Telan da ya san aikinsa sai ya ɓalle bakin adon gaba ɗaya, ya rage tsawon daga samansa ya mayar, ko ya ɗage ta daga ɗinkin ƙugu in tana da shi. Haka wandon jins na gwanjo, in an rage shi da yawa daga ƙasa, gwiwarsa na sauka ƙwauri. Abin da layukan biyu ke koyarwa ke nan, ya kuma san shi ba tare da ya taɓa ganinsu ba.

A can inda aka haifi sana'ar, manyan kamfanonin sun haɗiye juna. Butterick ya karɓi takardun Vogue a 1961, McCall ya haɗa su duka biyun a 2001, daga baya su da Simplicity suka koma ƙarƙashin mai gida ɗaya. Ɗinkin gida ya ja baya tun da tufar kanti ta yi arha, kuma a 2025 shagunan Joann, inda Amurkawa da yawa ke sayen yadi da takardun yanka, suka rufe baki ɗaya. Sabbin masu zane, akasarinsu mata masu ƙananan kamfanoni, ta intanet suke sayar da samfuri. Mai saye ta buga shi a firinta, ta auna ɗan murabba'in gwaji da ke shafin farko don ta tabbata injin bai rage girma ba, ta manne shafuka talatin ko arba'in su zama falle ɗaya. Wasu ma na'urar haska hoto suke ratayewa a silin ta haska layukan a kan yadi. Kusan kowacce mai zane takan faɗi tsawon macen da ta zana wa, kuma layukan biyu na nan inda suke, sama da ƙugu, ƙasa da kwankwaso.

Tsofaffin takardun kuwa sun zama kayan tarihi. Jami'ar Rhode Island na da rumbun da ya tara dubun-dubatarsu, wanda marigayiya Joy Spanabel Emery ta daɗe tana kula da shi, ita ce kuma ta rubuta tarihin masana'antar a 2014. Masu sayen tsofaffin ambulan a kasuwannin gwanjo sukan buɗe su tarar da aikin mai su ta farko yadda ta bar shi: ninkin rabin inci a gaban riga, fil ɗin da ya riƙe shi ya yi tsatsa ya bar tabo a takarda, ko hannun riga da aka raba biyu aka jona da guntun jaridar shekarar, da awon wata mace da fensir a bayan ambulan, ƙirji kaza, ƙugu kaza, tsawon baya 15 da rabi.